Na'ura Ta Yi Karatu, Kai Ka San Kasuwa: Yadda Ake Shawara da AI Kafin a Zuba Jari

Saura mako shida a kama azumi na tarar da kawuna a shagonsa na Kantin Kwari, littafin bashi a kife bisa cinyarsa, shayi ya huce a gefe bai taɓa ba. Mutumin da yake sarin shadda da atamfa a wurinsa ne ya yi masa tayi: a kan kayan naira miliyan 20 da ya saba ɗauka kuɗi hannu, ya ƙara na miliyan 10 bashi, ya biya mako biyu bayan ƙaramar Sallah. Ɗansa da ke karatu a jami'a ya riga ya tambayi ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) da ake hira da ita a waya, ta ce dama ce mai kyau, har ta jero dalilai biyar. Kawu ya miƙo min wayar ya ce, "Kai da ka san kan abin nan, duba min. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba."

Da na duba, tambayar layi ɗaya ce tak: shin yana da kyau ɗan kasuwa ya karɓi kaya bashi kafin Sallah? Na'urar ba ta san wane ɗan kasuwa ba, ba ta san wane kaya ba, ba ta san nawa ne a hannun mutane ba a biya ba. Ta amsa daidai da abin da aka ba ta. Yamma uku muka yi muna sake wannan zama bayan la'asar, kuma hanyar da muka bi ita ce zan shimfiɗa a nan, don tana aiki ga mai son buɗe shago na biyu, da mai tunanin ajiye hatsi a Dawanau, da matar da ke sayar da kaya ta WhatsApp daga gida, har da mai makaranta da ke son ƙara ajujuwa. Na daidaita alƙaluman kawu don sauƙin lissafi.

Fara sanin da wa kake magana

Ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, Gemini, Claude da Meta AI ɗin da ke cikin WhatsApp, an ɗura musu rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wacce. Daga nan ƙarfinsu yake, daga nan rauninsu yake. Na'urar ta karanta abin da ba za ka iya karantawa ba a tsawon rayuwarka, ba ta gajiya, ba ta jin nauyin tambaya. Amma karatunta yana da ranar da ya tsaya, kuma ko wadda ke iya leƙa intanet ba za ta ga farashin turmin atamfa na yau a Kwari ba, domin wannan farashin a bakin dillalai yake. Ka ɗauke ta kamar yaron shago mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ya haddace littattafan kasuwanci amma bai taɓa jin an ce "albarka" a ciniki ba.

Akwai labarin da ya sa na yarda haɗin mutum da na'ura yana da amfani. A 1997 kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a darar Turawa. Shekara guda bayan haka shi da kansa ya fito da gasar da mutum ke wasa da kwamfuta a gefensa. A 2005, a wata gasa irin wannan ta intanet, wasu Amurkawa biyu da ba ƙwararru ba suka cinye, da kwamfutoci uku na gida, a gaban manyan gwanaye. Abin da suka fi kowa shi ne sanin lokacin da za a tambayi na'ura da lokacin da za a ƙi maganarta. Yau a dara na'ura ta yi nisan da mutum ba ya ƙara mata komai, amma kasuwa ba allon dara ba ce. A dara komai a fili yake, doka ba ta canzawa a tsakiyar wasa. A kasuwa kuwa kana barci za a rufe iyaka.

Mataki na farko: rubuta naka kafin ka buɗe waya

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi na fi dagewa a kai. Ɗauki biro da takarda, ka sa kwanan wata, ka rubuta abu huɗu: me nake son yankewa, me zuciyata ke gaya min yanzu, me ya sa, kuma nawa zan iya asara ba tare da shagon ya durƙushe ba.

Dalili shi ne maganar farko da ta shiga kunne ita ke kafa turke. In ka fara jin na'ura, da tsararriyar Hausarta ko Turancinta mai santsi, sai ka tsinci kanka kana kewaya ra'ayinta, naka ya ɓace ba ka ma san ka taɓa samunsa ba. Kawu bai son rubutu, sai ya faɗa na rubuta: "Ina son in karɓa, don bara kaya suka ƙare min tun goman tsakiya. Ina tsoro, don mutanen Nijar ba sa shigowa kamar da. In na yi asarar fiye da miliyan 3, zan taɓa kuɗin haya." Layi uku, amma shekara talatin na zaman kasuwa ne a cikinsu.

Mataki na biyu: ba ta labarin gida

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk abin da ba ka faɗa mata ba, na'ura za ta cike gurbinsa da abin da ya fi yawa a karatunta, wanda galibi kasuwar Amurka ce ko ta Turai: ciniki na kati, bashin banki mai kuɗin ruwa, lantarki da ba ya ɗaukewa, mai saye da ke biya nan take. Saboda haka zauna ka yi mata bayani kamar yadda za ka yi wa baƙon da ya sauka Kano jiya.

Faɗa mata jarinka da yadda ya rabu: nawa ne kaya a sito, nawa ne a hannu, nawa ne bashi a waje. Faɗa mata ribar da kake ɗorawa a turmi ko bandir, da abin da haya, albashin yara, dako, man janareta da harajin kasuwa ke ci a wata. Faɗa mata su wa ke saye: 'yan sari daga Maraɗi da Damagaram, na Chadi da Kamaru, matan unguwa masu kai kaya gida-gida, masu haɗa lefe. Yi mata bayanin cewa zane yana da yayi, wanda ake rububinsa bana zai iya yin kwantai baɗi. Faɗa mata Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, don haka wani lokaci tana faɗowa manomi na da kuɗin kaka a aljihu, wani lokaci tana tarar da shi ya zuba komai a taki. In ba ka cin bashin ruwa, faɗa tun farko, kada ta ɓata maka lokaci da shawarar da ba za ka ɗauka ba.

Akwai abin da ba a ba ta. Sunayen masu riƙe da bashinka, lambobin wayarsu, lambar asusu, BVN, NIN, duk ka bar su a littafinka. Ka ce "mai saye na farko yana riƙe da miliyan 2 tun wata uku," ya wadatar. Sirrin mutum amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya.

Kana iya yin duk wannan da Hausa. Na'urorin suna ji, sai dai jinsu bai kai na Turanci ba, kuma kalmomin kasuwa kamar dila, la'ada ko kwantai kan ruɗa su. Maganin abin mai sauƙi ne. Bayan ka gama bayani ka ce: "Maimaita min abin da kika fahimta a taƙaice, kada ki ba ni shawara tukuna." A zamanmu ta ɗauka ribar kashi 10 ɗin da kawu ya faɗa bayan an cire kuɗin haya ne, alhali kafin a cire ne. Da ba mu kama wannan ba, duk abin da ya biyo baya da a kan kuskure aka gina shi.

Mataki na uku: ita ta tambaye ka

Rubuta mata: "Kafin ki ce komai, yi min tambayoyi goma da ya kamata in amsa kan wannan shawara." A nan na fi ganin amfaninta. Cikin goman da ta yi wa kawu, bakwai ya san amsarsu tun kafin a gama karantawa. Ɗaya ce ta sa ya yi shiru: cikin cinikin Sallah, kashi nawa ne kuɗi hannu, kashi nawa ne "sai bayan Sallah"? Ya buɗe littafin nan da ya kife, muka ƙirga na bara. Kusan ɗaya bisa uku bashi ne.

Daga nan ka nemi ta faɗaɗa maka hanyoyi. Mutum in ya matsu yakan ga ƙofa biyu kawai, karɓa ko bari. Ce mata ta kawo hanya shida, har da waɗanda take ganin ba za ka so ba. Ta kawo karɓar rabi, da karɓa kashi biyu, da neman a mayar da ranar biya bayan babbar Sallah, da sharaɗin mayar da abin da bai shiga ba. Wasu ba sa yiwuwa a Kwari, kawu ya watsar da su nan take. Biyu suka tsaya.

Mataki na huɗu: sa ta yi maka gardama

Waɗannan na'urori suna da halin 'yan amshi. In ka nuna inda ka karkata, can za su bi ka, su kuma ƙawata maka shi. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT a watan Afrilun 2025 saboda bambaɗancinta ya yi yawa. Ɗan kasuwar da ya girma yana da masu ce masa "haka ne, Alhaji" da yawa a bakin shago, ba ya buƙatar ƙarin guda a aljihu.

Don haka ka juya ta da gangan. Akwai dabarar da wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Gary Klein, ya yaɗa a 2007: kafin a fara aiki, a ɗauka an riga an yi an faɗi, sai kowa ya faɗi abin da ya jawo faɗuwar. Mutane sun fi iya bayyana dalilin abin da ya riga ya faru a kan hango wanda zai faru. Ga yadda muka rubuta: "Ki ɗauka yau mako biyu bayan Sallah, na karɓi kayan, na kasa biya, mutuncina ya zube a wurin mai kaya. Ba ni labarin yadda aka yi, daki-daki."

Sannan ka kawo mata abin da idonka ya gani, don ba tatsuniya ba ne. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Ruwa ya shiga shagunan Kwari a damunar 2022. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa mai saye na tsaye da kuɗi a banki ba shi da ko sisi a hannu. Ran 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 iyaka ta zauna a rufe har Maris na 2024. Ɗauki kowanne ka tambaye ta: in irin wannan ya sake faruwa a tsakiyar azumi, ina shirina zai karye?

Kada ka manta farashi yana sauka ma. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafa na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗo, mutane da yawa da suka cika sito suna jiran bazara suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya saba ganin kaya na hawa yakan manta da wannan ɓangaren, na'ura kuma ba za ta tuna masa ba sai ya tambaya.

Gwaji ɗaya na ƙarshe a wannan matakin: buɗe sabuwar hira, ka ba ta bayanin nan dai, amma ka ce ka karkata ga ƙin karɓa. In ta sake ce maka ka yi daidai, ka san amshi take yi, sai ka ɗauki dalilan ɓangarorin biyu ka auna da kanka.

Mataki na biyar: lissafi hawa uku

Nemi ta lissafa maka in kasuwa ta yi kyau, in ta yi tsaka-tsaki, in ta yi muni, kuma ta nuna kowane layi. Kai kuma ka bi ta da kalkuleta, don takan yi tuntuɓe a lamba tana magana kamar ba ta yi ba.

Na kawu ga yadda ya fito. Kayan miliyan 30, riba kashi 10. In duk suka shiga, ciniki miliyan 33. In kashi biyu cikin uku ne suka shiga, ciniki miliyan 22, amma ɗaya bisa uku na wannan bashi ne, saura ƙasa da miliyan 15 a hannu. A biya mai kaya miliyan 10, abin da ya rage bai kai miliyan 5 ba, ga haya, ga yara, ga kayan miliyan 10 a sito da ba a san ko yayinsu zai kai ba. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kuwa wata biyu ne da kwana goma. A takarda bai yi asara ba, amma zai shiga kasuwar babbar Sallah ba kuɗin sari. Abin da zuciyarsa ke gaya masa ke nan tun ranar farko, sai yanzu ya fito da lamba.

Mataki na shida: tace abin da ta faɗa

Raba maganarta gida uku. Lissafi, ka riga ka bi shi. Zato da hasashe, ka riƙe su a matsayin zato. Na ukun shi ne mai haɗari: duk inda ta ce doka ta ce, ko kwastam na karɓar kaza, ko wani bincike ya nuna. Na'urar nan tana iya ƙaga abin da babu shi, da suna da shekara, ba ko ƙyaftawa. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ta ƙirƙiro, ba su bincika ba. A shekarar ce kuma masu bincike daga Harvard da wasu jami'o'i suka gwada ma'aikata 758 na kamfanin ba da shawara na BCG. A ayyukan da na'urar ta iya, masu amfani da ita sun fi sauri da inganci. A aikin da aka zaɓa don ya fi ƙarfinta, su suka fi yin kuskure, domin amsar da ba daidai ba ma da kyakkyawar riga take zuwa.

To, gani ya kori ji. Farashin dala a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ake jin sa. Kuɗin fito da na kwastam, wanda ya shigo da kwantena makon jiya shi ya sani. Ko baƙi na shigowa, tambayi masu dako da direbobin tasha, su ke ɗaga dilolin. Kawu ya aika yaronsa ya zaga layi uku ya ga wane zane ne ya cika shaguna. Ɗaya daga cikin zannuwan da ake son ba kawu bashi, wani mai ganye, kowa na da shi.

Mataki na bakwai: mayar da magana wurin mutane

Akwai abubuwan da ba sa shiga waya ko ka so. Na'ura ba ta san cewa mai kayan nan ya taɓa ɗaga wa kawu ƙafa shekarar da aka yi masa rasuwa ba, kuma ƙin tayinsa gaba ɗaya zai iya zama kamar raini. Ba ta san wane mai saye ne in ya ce Juma'a to Juma'ar ce, wane ne kuma sai an bi shi har gida ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Nauyin zumunci, darajar suna a layi, haƙƙin yaran da ke ci a ƙarƙashinka, waɗannan kai za ka ɗora su a sikeli, kuma sau da yawa su ke rinjaya.

Kai takardarka wurin mutum biyu ko uku da suka girme ka a harkar, waɗanda ba su da riba ko asara a abin da za ka yanke. In akwai batun halal da haram, kamar ƙarin farashi saboda jinkirin biya ko sharaɗin mayar da kaya, malami za ka tambaya. Na'ura na iya taimaka maka ka tsara tambayar, amma fatawa ba a wurinta take ba. Sannan ka yi istihara. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta jera abin a tsare: shawara, sannan ƙudurta niyya, sannan dogaro ga Allah. Na'ura a sahun farko take zaune, tare da sauran masu ba da shawara, kuma ranar biya ba ita mai kaya zai kira ba.

Mataki na takwas: yanke, ka kafa alama, ka rubuta

In shawarar tana rabuwa, raba ta. Fara da abin da in ya ɓaci za ka iya janyewa. Sannan tun yanzu, kanka a sanyaye, ka rubuta alamar da za ta sa ka ƙara da wadda za ta sa ka tsaya, da lamba da rana. A tsakiyar hada-hadar goman ƙarshe ba wanda ke tunani da kyau. Nan ma na'ura na da amfani: ce mata ta mayar da shirinka jadawalin mako-mako na abin da za ka duba.

Daren na uku kawu ya kira mai kayan a gabana. Bayan gaisuwa da tambayar iyali ya ce, "Alhaji, na gode da wannan karamci, Allah ya bar zumunci. Zan ɗauki na miliyan 5 yanzu, ban da zanen nan mai ganye. In mun kai goma ga azumi rabin kaya sun fita, zan turo yaro ya ɗauko sauran." Suka ɗan ja kan ranar biya, aka tsaya a mako uku bayan Sallah.

Da ya ajiye wayar ya sa na buɗe bayan littafin bashi, shafin da ba a rubuta komai ba. Na manna takardar ranar farko, a ƙasanta na rubuta abin da na'ura ta hango, da abin da dattawan layi suka ce, da abin da ya yanke. Ya ce in bar fili a ƙasa, kuma in rubuta ranar da za mu sake buɗe shafin: kwana bakwai bayan babbar Sallah, bayan la'asar.